Kurman da Anka Ba Aikin Saurare

Ranar da motar gwamnati ta zo garinmu ɗibar yara lekwal, wato makarantar boko, mu biyu anka kama ba gudu ba wahala, ni da taubashina, ɗan gwaggona. Shi bai ji motar ba. Ni kuwa kaina ne ya ƙi shiga rumbu.

Garinmu bisa dutse yake, tsakanin Buza da Keita, inda in za ka shuka hatsi sai ka fara ba duwatsu haƙuri su ɗan matsa. Shekarun bayan babban fari ne, soja sun karɓi ƙasa, sun rantse kowane gari sai ya yi lekwal. Iyayenmu kuwa sun ɗauka yaron da ya shiga lekwal an yi asararsa, gona ta rasa shi, awaki sun rasa shi. Don haka anka shirya: da an ji rurin mota daga gangare, kowane yaro ya faɗa rumbu. Kun san rumbunanmu na Adar, ciki kamar ɗaki, baki a sama kamar na tulu. Shekarar nan ba hatsi cikinsu, sai yara.

Ni ma na hau namu. Ƙafafu sunka shige, ciki ya shige, kafaɗu sunka shige, kai ya ce shi nan zai tsaya. Gardin da ya rako motar ya shigo gidanmu ya tarar da rumbu da kai a bisa, shina ƙifta ido.

Ya ce, “Sannu maigida. Kai ne murfin?”

Taubashina kuwa shina gindin gawo shina ƙera mota da karan dawa. Sanƙarau ya kama shi tun shina goye, anka kai shi asibitin mishan, rai ya tsira, kunne bai tsira ba. Ba shi ji, ba shi magana, sai da hannu. Motar gaske ta tsaya bayansa, shi shina ta gyaran tasa.

Kafin la'asar an tono sauran yaran, an jera mu ƙofar maigari. Gwajin shekaru guda ne: ka ɗora hannun dama bisa kai ka taɓo kunnen hagu. In ya kai, ka isa lekwal. Taubashina ya ga abin da muke yi, ya ɗora hannu, ya kamo kunne har ya ja shi. Sun duba hannu ya kai kunne, ba wanda ya tambayi ko kunnen na aiki. Nawa hannun bai ko kai tsakar kai ba, amma gardi ya ce wannan ba laifin hannu ba ne, a rubuta ni.

Gwaggo ta durƙusa ta ce, “Ranka ya daɗe, ɗana kurma ne.”

Abin da ya cuce ta, ita ce ta ƙarshe a layi. Duk uwar da ta riga ta ta faɗi nata. A ranar nan garinmu ya cika da kurame da makafi da masu farfaɗiya, har wata ta rantse ɗanta shina zama kura ran Talata. Gardi ya dubi gwaggo a gajiye ya ce, “Inna, kurame sun cika. Ki zaɓi wata cutar.” Mace guda ta faɗi gaskiya a garin nan, ita kaɗai anka yi ma dariya.

Lekwal ɗin rumfar zana ce bayan gari, kowa da tubalinsa na zama. Malaminmu, wanda muke ce ma mushe, wani saurayi ne Bazabarme daga can bakin kogi, siriri, da wando mai faɗin ƙafa irin na yayin lokacin. In ya zagaya kilas sau ɗaya ba sai an yi shara ba. Hausarsa ba ta wuce ta sayen gishiri ba, kuma ko ita ya rantse ba zai yi a lekwal ba. Faransanci zalla, daga safe har a buga tsohon ƙarfen ƙafar mota da anka rataya a matsayin ƙararrawa.

To ku gaya mini, wa zai gane akwai kurma a cikinmu? Mu duka kurame ne. Mushe na magana, mu muna kallon bakinsa. Bambancin kawai, taubashina tun shina rarrafe yake kallon bakin mutane, mu kuwa sabbin shiga ne. In mushe ya nuna ƙofa, shi ya riga kowa tashi. In anka ce a maimaita gaba ɗaya, ya buɗe baki ya rufe tare da mu, ya ma fi mu dacewa. Wajen kiran suna da safe ni ke amsa mishi. In tsikare shi ya ɗaga hannu, in maƙe murya in ce “farazan”, wato ga ni, in anka zo kaina in amsa da murya mai kauri. Gari duka ya sani. Ba wanda ya gaya ma mushe, don gwaggo ta ce ita ta faɗa sau ɗaya, ya isa.

Sai mushe ya kawo sambul. Wanda ya yi lekwal a zamanin nan ya san shi. Abu ne da ake rataya ma duk yaron da ya yi yaren gida a lekwal. Ba ka da ikon cirewa, sai dai ka kama wani ya yi, ka rataya mishi. Wanda anka tashi shina wuyansa ya sha bulala, ya kuma tahi da shi gida. Wasu garuruwa ƙahon rago ne. Namu muƙamuƙin jaki ne da haƙoransa cif, a igiyar kaba. Ni na sa shi har ya yi mini gurbi a ƙirji. Karnuka sun san ni, jakunan gari in na wuce sai su sunkuyar da kai kamar suna gaida suruki.

Yaro guda ne muƙamuƙin nan bai taɓa hawa wuyansa ba. Kullum mushe sai ya tsayar da taubashina gaban kilas, ya dafa kansa, ya yi dogon jawabi shina nuna mu da bulala. Ba mu jin kalmomin amma mun gane: ga yaron kirki, ko kalma guda ta Hausa bai taɓa yi ba. Ƙarshe dai ya naɗa shi shef, wato shugaban kilas, ya damƙa mishi aikin sauraren duk wanda ya yi Hausa.

Ranar nan munka yi murna har da tsalle. An ba kurma aikin saurare! Mushe na hita, na juya na ce ma na kusa da ni, “Kai, yau mun huta.” Ban rufe baki ba na ji haƙoran jaki a ƙirjina. Ashe ɗan banzan da ido yake ji. Ya riga ya lura mai Faransanci tsuke baki yake kamar mai hura kunu mai zafi, mai Hausa kuwa wage shi yake yi. Daga wannan bangon fili zuwa wancan shina hango bakinka. Ba sani ba sabo. Na ce mishi da hannu, “Ni taubashinka ne fa.” Ya ce ai shi ya sa, kuma muƙamuƙin ya yi mini kyau.

Da wahala ta ishe mu, sai dabara ta zo. Dokar mushe baki ta hana, ba ta ce komai kan hannu ba. Ni tun muna ƙanana na iya maganar taubashina, sai na zama malami a gindin gawo. Kafin kaka kowa ya iya. Kowa kuma da sunansa na hannu, taubashina ke raɗawa. Na mushe, ka kaɗa tafuka biyu wajen idon sawu. Nawa, ka tallabi kai da hannu biyu ka yi ta ja kamar ya maƙale. Akwai ƴaƴan Buzaye da anka kawo daga zangon bayan dutse, da wani ɗan Fulani, waɗanda da can ba mu jin su ba su jin mu sai dambe. Da hannu ya zo, sai ga mu muna hira. Wato muna zagin juna kowa na fahimta, wanda shi ne farkon abota.

Kilas ya yi tsit kamar maƙabarta. Mushe na rubutu a tabulo, babban allon kilas, shina murmushi, bayansa kuwa ana zagin kakanni har na bakwai, ana cinikin goriba, ana shirya wanda za a buga in an tashi.

Shi taubashina wani abu daban ya same shi. Wata rana mushe ya zana akuya a tabulo ya rubuta sunanta a ƙasa. Yaron nan ya dubi zanen, ya dubi rubutun, ya sake duban zanen, sai ya miƙe tsaye. A ranar ya gane kowane abu na da suna da za a iya gani da ido. Da yamma ya ɗauki gawayi ya rubuta ma farar akuyar gwaggo sunanta a haƙarƙari. Ya rubuta ma ƙofa, ya rubuta ma turmi, ya rubuta ma tulu. Daga nan kullum shi ke riga kowa zuwa lekwal, ya zauna bisa tubalinsa shina jiran suna na gaba. Ubansa, mijin gwaggo, bai ga abin burgewa ba. Kullum cewa yake, “Ku yi ta wasanku. Ranar da sunka gane, awakina na jiransa.”

Ranar kuwa ta zo, ƙyanda ce ta kawo ta. Ta kwantar da ni gida, ba mai amsa “farazan”. Yara sunka ba ni labari: mushe ya kira sunan taubashina, shiru. Ya sake kira, ga yaro zaune gabansa shina murmushi. Ya zagaya bayansa ya daka tsawa. Ya ɗauko ƙarfen ƙafar motar ya buga shi dab da ƙeyarsa, har kajin gari sunka watse. Taubashina ya ɗan sosa wuya. Mushe ya nemi tubali ya zauna.

Abin da ya sa shi zama, ya riga ya cika baki a Buza, gaban ansifekta, babban mai duba makarantun yankin, cewa shina da yaron da bai taɓa yin Hausa ba ko da mantuwa. Ansifekta ya ce zai zo da kansa ya ji yaron nan ya yi rasitasiyo, wato ya karanto waƙar Faransanci da ka. Kuma kowa ya san lekwal ta lokacin ba ta aje kurma. In anka gane, gida za a maida shi.

Da la'asar sai ga mushe gidanmu, taubashina na biye da shi. Ina kwance duk jiki ƙuraje. Mushe ya tsuguna, ya tattaro ƴar Hausarsa.

“Kai, babban kai. Kai ne farazan biyu?”

Na ce, “Ni ne, mushe.”

Taubashina ya shiga kaɗa hannu da sauri, idonsa ja. Mushe ya ce, “Mi ya ce?”

“Ya ce in kun kore shi, wa zai nuna mishi sauran sunayen? Ya san akuya, ya san tulu. Bai san raƙumi ba tukuna.”

Mushe ya dubi hannuwan taubashina. Can ya ce in koya mishi hannun nan. Abu na farko da ya tambaya shi ne sunansa. Munka nuna mishi. Ya dubi hannunmu, ya dubi wandonsa, ya ce to ya gani.

Da na warke munka ƙulla dabara, mu uku. Ni zan laɓe bayan zana daidai inda taubashina zai tsaya, in karanto waƙar, shi kuwa ya motsa baki. Tunda ba shi jin inda nake, mushe zai ba shi alama: in ya sosa kunne a fara, in ya sosa hanci a tsaya. Munka yi ta gwadawa har abin ya zauna, ko uwarsa ta gani sai ta kusa yarda.

Ansifekta ya iso da hantsi. Ƙaton mutum ne, Bahaushen wajen Madawa, da tabarau da kwat cikin zafin nan. An ce ko uwarsa in za ta gaishe shi sai an nemo tafinta. Ya zauna kujerar mushe, kujerar ta yi kuka. Ni ina bayan zana da muƙamuƙin jaki a wuya, don jiya ma ni anka tashi da shi.

Mushe ya sosa kunne. Taubashina ya miƙe ya haɗa hannu a baya, ya tsuke baki, ni kuwa na saki murya. Wallahi ya yi kyau. Ta ƴar kafar zana ina hango ansifekta na gyaɗa kai. Muna tsakiyar waƙa sai wani ƙuda, Allah ya isa tsakanina da shi, ya bar duk hancin da ke cikin rumfar nan ya sauka bisa na mushe. Mushe ya murɗa fuska, ya hura iska, ƙuda ya ƙi. Hannu ya tahi da kansa. Taubashina na ganin haka ya rufe baki, ya rusuna, ya koma tubalinsa ya zauna. Ni ban gani ba, na rufe ido ina jin daɗin muryata. Waƙa ta ci gaba da hitowa daga bango.

Ansifekta ya dubi yaro, ya dubi zana. Ya tashi ya ɗage ta. Ko da na so ɓuya, kun san matsalata. Ya kamo ni da kunne ya shigo da ni. Sa'an nan ya je bayan taubashina ya tafa hannu da ƙarfi, ya zagayo gabansa ya leƙa fuskarsa, sai kawai munka ji:

“Innalillahi! Yaron ga ai kurma ne!”

Hausa tsantsa, baki a wage. Taubashina bai san mi anka ce ba, amma ya san aikinsa. Ya taso, ya zare muƙamuƙin daga wuyana, ya taka tubali, ya yi ɗage, ya rataya ma ansifekta shi bisa kwat. Har ya gyara mishi shi ya zauna daidai.

Mushe ya jingina da ginshiƙin rumfa, ina jin shina kalmar shahada da Zabarmanci. Hannun ansifekta ya tashi zai cire igiyar, ya kai rabi, ya tsaya. Shi ma fa ɗan lekwal ne. Wa ya san ƙahon da ya sha ratayawa kafin ya zama abin da ya zama? Jikinsa ya san doka ko da shi ya manta: ba a cirewa, sai a miƙa ma wani. Ya juyo ya bi mu da kallo ɗaya ɗaya, shina jiran wani ya yi subul da baka. Ina! Mu da munka shekara ba mu buɗe baki ba. Hannuwanmu dai ke gudu, kowa na tambayar kowa ko za a yi mishi bulala in an tashi, kuma wa zai riƙe mishi ƙafa.

Ya lura da hannuwan. Ya tambayi mushe, mushe ya yi bayani. Ansifekta ya koma ya zauna, haƙoran jaki na ƙaras ƙaras bisa maɓallansa, ya ce a ci gaba da karatu yadda aka saba in ba baƙo. Mushe ya rubuta kalma, ya nuna ta da hannu, taubashina ya gyara mishi hannun. Ya sa lissafi, taubashina ya yi bisa allonsa, ya juya ya nuna ma ɗan Buzayen da ke kusa da shi inda ya ɓata. Ansifekta ya tashi da kansa ya rubuta kalmomi a tabulo. Yaron ya taɓa ƙofa, ya taɓa tulu, ya hita ya jawo akuyar gwaggo da ke kiwo bayan rumfa, da sunanta a jikinta. Wata kalmar bai sani ba, ya buɗe tafuka, ya tsaya shina jira a nuna mishi.

Rana ta take, mutumin nan na nan da muƙamuƙi, zufa na zuba. Sai shofer ɗinsa, mai tuƙa mishi mota, ya leƙo ya ce, “Ranka ya daɗe, rana ta yi fa, a tahi?”

Taubashina ya zabura, amma ansifekta ya riga shi. Ban taɓa ganin ƙato ya yi tsalle irin wannan ba. Ya zare igiyar ya zura ma shofer, shina dariya kamar yaron da ya tsira daga bulala.

Shofer ya ce, “Ni mi na yi?”

Ansifekta ya aza yatsa a baki.

Munka raka su gun mota. Mijin gwaggo na can tsaye da sandar kiwo, ya ji labari ya zo karɓar ɗansa. Mushe ya matsa kusa da ansifekta ya tambaya a hankali ko za a kori yaron. Ansifekta ya duba ya ga ya hita filin lekwal, sa'an nan ya amsa da Hausa kowa na ji.

“Ni an ce in zo in ga yaron da bai taɓa yin Hausa a kilas ba. Na gan shi. Abin da zan faɗa ke nan a Buza.” Ya juya ga mijin gwaggo. “Baba, awakinka su ƙara haƙuri.” Ya nuna ni. “Kai kuma mai kai, in na sake jin bango na waƙa, kai zan kora.”

Ya shiga mota, ya leƙo ya tambaya ko shi ma an raɗa mishi sunan hannu. Kilas gaba ɗaya munka kama haɓa munka ja ta zuwa ƙirji, inda muƙamuƙin ya wuni. Motar ta gangara da shofer da muƙamuƙinmu a wuya, kuma mushe bai sake neman wani jakin ba.

Taubashina ya zauna lekwal har kilas na ƙarshe. Takardar gamawa ce bai samu ba, don a jarrabawa akwai dikte, wato shifta, mai karantowa kuma yawo yake ya ba yara baya. Ni ma da kunnuwana biyu ban samu ba. Yau in kun ga rubutu mai kyau a jikin babbar mota ko ƙofar shago a Madawa, ku tambaya, wataƙila hannunsa ne.

Washegarin zuwan ansifekta dai, taubashina ya riga kowa zuwa kamar kullum. Mushe ya shigo ya ɗauki alli ya zana wani abu mai kama da karyayyen gado da wuya, ya rubuta suna a ƙasa. Taubashina ya kwafe a allonsa. Ana tashi ya ja ni bakin rijiya da gawayi a hannu, inda Buzaye ke shayar da raƙuma, ya ce in tsaya gaba in ɗauke ma raƙumin hankali shi ya rubuta. Ya rubuta sunan tsaf a cinyar raƙumin, harafi bayan harafi. Raƙumin kuwa bai ko waiwaye shi ba. Kaina ya gani, ya ɗauka kankana ce.